Jiƙaƙƙen Buhu a Hawa na Sha Tara

Ƙarfe uku saura kwata na rana aka buga waya ofishin 'yan sanda cewa an tsinci gawa a dogon benen da ake ginawa bayan tsohuwar tashar jirgin ƙasa. Insfekta ya ture kofin shayinsa da ya huce tun safe, ya ɗauki hula, ya ce wa Sajan ya tada mota.

Benen ba ya ɓuya wa kowa. An kai hawa sha tara, ana nufin talatin da biyu, kuma tun yanzu inuwarsa ta fara cinye rabin unguwar da yamma.

Shugaban leburori, wanda kowa ke kira Foman, ya tarye su a bakin ƙofa yana sharce gumi. Ya kai su can ƙasa, gindin wani rami mai kusurwa huɗu, faɗinsa kamar ƙofar ɗaki, wanda ya tashi tun daga ƙasa har ƙololuwar ginin. Ta cikinsa za a bi da bututun ruwa da wayoyin wuta.

Wani tsoho ne kwance a wurin, jakar yadi rataye a wuyansa. Hannunsa na dama ya damƙe wani yagaggen buhun algarara. Insfekta ya tsuguna ya taɓa buhun, ya ji shi sharkaf da ruwa. Kewaye da gawar akwai gutsattsarin kwali, ɗaya daga cikinsu da wata 'yar huda a tsakiya, an yanke ta tsaf kamar da reza.

"Ma'aikacinku ne?"

"Wa? Ranka ya daɗe, dubi shekarunsa. Saɗaɗowa ya yi lokacin hutun rana, ya hau matakala. A hawa na uku ba mu riga mun sa wa ramin ƙofa ba. Daga nan ya faɗo."

"Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba, amma ai hankali ma ya ba da haka."

Insfekta ya daɗe a aikin nan, ya san duk wanda ya ce hankali ya ba da haka, so yake a rufe fayil kafin a tashi daga aiki. Ya aika Sajan hawa na uku. Sajan ya dawo yana haki, ya ce wurin a bushe yake ƙamas, ko ɗigon ruwa babu, balle buhu.

Suna nan tsaye wani mutum mai farar hular kwano ya kutso cikin leburori. Yana ganin gawar ya dafa bango.

"Wannan Safiyo ne, mai awon gininmu," in ji Foman.

"Surukina ne," in ji Safiyo. "Mahaifin matata. A gidana yake zaune."

"Me ya kawo shi nan?"

"Yallaɓai, tsufa ya fara taɓa shi. Yana fita ya manta hanyar gida. Shi ya sa muke kulle ƙofar waje."

"Kai kana ina da rana?"

"Na fita sayen batir. Yanzu na shigo."

Bai ƙara kallon gawar ba, kuma bai tambayi yadda aka yi ba. Insfekta ya lura da haka, ya sa gutsuren kwalin a aljihu.

Gidan Safiyo yana tsohuwar unguwa, inda tagogi ke da faɗi, bangaye kuma kauri. Matar gidan, wadda mahaifinta ke kira Auta har kowa ya ɗauka, tana zaune a ƙasa jingine da keken ɗinkinta. Mabuɗin ƙofar waje na cikin tafin hannunta, ta matse shi har ya yi mata shaida.

"Ni na kashe shi," ta ce tun kafin Insfekta ya zauna. "Ba sai kun wahalar da kanku ba."

"Sannu, Allah ya ba da haƙuri. Yaya aka yi?"

"Na fita kai ɗinki wajen sha biyu. Wallahi na ɗauka na kulle. Da na dawo na tarar da kwaɗon a buɗe, Baba ba ya nan. Shekara biyu ban taɓa mantawa ba sai yau." Ta ƙara matse mabuɗin. "Kuma da safe na yi masa tsawa. Ya zubar min da tawada a kan yadin mutane, na ce masa ya ishe ni da zane-zanen nan. Maganata ta ƙarshe da shi kenan."

Safiyo yana tsaye a bakin ƙofa, kansa a ƙasa. Bai ce mata komai ba.

Insfekta ya nemi ganin ɗakin tsohon. Bango huɗu, babu inda ba a manna takarda ba. Ga tashar jirgin ƙasa da hasumiyar agogonta, ga gadar ƙarfe da mahaifin tsohon ya yi aikin ɗaure ƙusoshinta, ga gidan waya na da, wanda aka rushe aka yi wurin ajiye motoci. A ƙasan kowane zane ya rubuta shekarar da aka gina wurin, wasu kuma har da shekarar da aka rushe.

"Shekara arba'in yana zana taswira a ma'aikatar ayyuka," in ji Auta daga bayansa. "Da ya yi ritaya sai ya bi gari da littafi. Cewa yake idan bai zana ba, gobe za a ce ba a taɓa yin su ba."

"Ban ga mutum ko ɗaya a zanen ba."

"Ba ya zana mutane. Ya ce mutane ba sa tsayawa wuri ɗaya."

A kusa da taga Insfekta ya ga wani zane da ba a gama ba: bene mai baranda da ginshiƙai shida, rabinsa fari fat. Ofishinsu ne na 'yan sanda. Nan take ya tuna. Bara ne, ya fito a fusace daga wani taro, ya tarar da wani tsoho zaune a ƙetaren titi yana kallon ginin yana rubutu. Ko tambayarsa bai yi ba, ya sa aka kore shi. Tsohon ya tashi a hankali, yana cewa dama so yake ya gaya musu ginin asibiti ne a da. Insfekta ya ji kunya ta rufe shi, ga shi kuma babu wanda zai ba haƙuri.

Ya juya. "Yana iya hawa matakala?"

"Baba? Gwiwoyinsa sun gama aiki. 'Yan matakala ukun nan na ƙofar gida ma sai an riƙe shi." Ta dubi mijinta. "Kullum Baba roƙonsa yake ya kai shi saman benen nan, ya ga garin gaba ɗaya sau ɗaya kafin ya mutu. Shi kuma yana ce masa doka ta hana. Ashe da ƙafarsa zai je, saboda sakacina."

Mutumin da matakala uku ke gagara, an ce ya hau hawa uku shi kaɗai. Insfekta bai faɗi haka a fili ba. Ya yi sallama, ya fita yana jin nauyin ɗakin a kafaɗarsa.

Washegari da safe asibiti suka aiko da jakar yadin, tare da takardar likita mai cewa irin wannan rauni ba na hawa uku ba ne, ko kusa. A cikin jakar akwai fensir huɗu da littafin zane. Insfekta ya buɗe shafin ƙarshe, ya daɗe yana kallo.

Gari ne daga sama. Rufin tashar jirgi, hasumiyar agogo, kogi, da gadar ƙarfe tana ratsawa daidai bayan fuskar agogon. Hannun agogon ya nuna ɗaya da minti ashirin. A kusurwar ƙasa ruwa ya ɗan ɓata wani abu mai ƙafa uku, da wani duhu a gefensa.

"Sajan, kana tsoron sama?"

"Yallaɓai, ni ko kan kujera na hau ɗaura labule sai na yi addu'a."

"To fara tun yanzu."

A jikin benen daga waje akwai lif ɗin aiki, wani keji na ƙarfe da ke kai mutane da siminti sama. Mai tuƙa shi dattijo ne mai yawan mita, suka same shi zaune a kan bulo yana ƙunƙuni.

"Lokacin hutu wa ke tuƙa wannan?"

"Babu kowa. Ƙarfe ɗaya nake kashe shi in tafi cin abinci."

"Mabuɗin fa?"

"Yana wurina."

Insfekta ya tsare shi da ido.

"To, a ƙarƙashin 'yar kujerata nake sa shi. Manya sun sani. Jiya ma na dawo na ga mabuɗin a jikin inji, kujerar kuma an yi gaba da ita. Kujerar katako fa, da hannuna na yi ta. Wane irin ɓarawo ne wannan?"

Suka shiga kejin. Insfekta ya ce a riƙa tsayawa hawa-hawa, ya buɗe littafin a hannunsa. A hawa na uku bangon banki kawai ake gani. A na takwas kan hasumiyar ya leƙo. A na sha biyu kogin ya bayyana, amma gadar tana can ƙasa da agogon.

Shekararsa ashirin da shida yana sintiri a garin nan, ya san kowane lungu da irin ɓarayin da ke cikinsa, amma bai taɓa sanin cewa titunan tsohuwar unguwa duka daga ƙofar tashar suka tashi ba, kamar yatsun hannu. Bai san rufin kasuwar da yake wucewa kullum yana da ado ba. Tsohon ya san duk wannan daga ƙasa, da ƙafa da fensir.

Sajan bai ga ko ɗaya ba, domin idanunsa a rufe suke tun daga hawa na biyar.

A na sha tara, inda ginin ya tsaya, gadar ta zauna daidai bayan fuskar agogon, kamar yadda take a takarda.

Babu bango a nan, sai ƙarafan rodi tsaye da iska mai ƙarfi. An shimfiɗa jiƙaƙƙun buhunan algarara a kan daɓen kankaren gaba ɗaya, wani lebura yana bi da mesa yana ƙara musu ruwa.

"Kujerata!" in ji mai lif. Tana can yashe a gefenta, taku goma daga bakin kejin.

Insfekta ya kira leburan. "Me ya sa ake rufe kankare da buhu?"

"Sabo ne, Yallaɓai, shekaranjiya aka zuba. In rana ta buge shi sai ya tsage. Kwana bakwai muke ba shi ruwa."

"Yaushe ka shimfiɗa?"

"Jiya wajen sha ɗaya. Ko'ina na rufe."

"Har bakin ramin?"

"Har kan murfinsa. Ai kullum a rufe yake, na bi ta kai da buhu kawai."

Suka je bakin ramin. Falanki mai kauri ne a kai, an kafe shi da ƙusoshin kankare. Amma babu buhu a kansa. Insfekta ya tsuguna, ya ja wani zare da ya leƙo daga gefe. Buhun yana ƙarƙashin falankin, an danne shi, bakinsa a yage. Ƙusoshin sababbi ne, biyu sun lanƙwashe, aikin wanda ke gaggawa.

"In falankin nan yana wurin lokacin da ka shimfiɗa, buhu zai kasance a sama ko a ƙasa?"

Leburan ya saki mesa, ruwa yana zuba a kan takalminsa. "A sama," ya ce a hankali. "Yallaɓai, wallahi abin da na rufe launin katako ne. Ban taka ba, daga gefe na jefa buhun."

Insfekta ya fito da gutsuren kwalin mai huda. "Wa ke amfani da irin wannan?"

Leburan ya duba, ya kau da kai. Mai lif ne ya amsa, kuma wannan karon babu mita a muryarsa. "Mai awo."

Aka aika a kira Safiyo. Ya fito daga kejin ɗauke da na'urar awonsa mai ƙafa uku a kafaɗa, idanunsa jawur kamar wanda bai runtsa ba. Insfekta ya dubi ƙafafun nan uku, ya dubi kusurwar zanen.

"Koya min wani abu. Yaya kake sanin bene mai tsawo haka bai karkace ba?"

Safiyo ya ajiye na'urar. "Duk hawan da aka zuba, ina sakin siririyar waya ta cikin ramin nan har ƙasa, da dunƙulen ƙarfe a bakinta. In ta tsaya cak, sai in auna bango da ita."

"Sai ka cire falanki kenan."

"Dole."

"Kwalin fa?"

Ya dubi ramin, ya ce, "Iska tana tasowa ta cikin ramin, tana kaɗa wayar. Sai a rufe bakin da kwali, a huda tsakiya, wayar ta bi ta nan. Kowane mai awo yana yi."

"In an gama?"

"A cire kwali, a mayar da falanki."

"Jiya ka mayar?"

"Na mayar."

"Kafin a shimfiɗa buhu, ko bayan an shimfiɗa?"

Safiyo ya dubi falankin. Insfekta ya buɗe littafin ya miƙa masa.

"Ka ce ka fita sayen batir. Agogon tasha ya ce ɗaya da minti ashirin, kuma daga nan kaɗai ake ganin gadar a bayansa. Matarka ta gaya min surukinka bai taɓa zana mutum ba. Duba kusurwar nan da kyau. Waye wannan a tsaye kusa da abu mai ƙafa uku?"

Safiyo ya kai littafin kusa da fuskarsa. Ruwa ya ɓata zanen, amma ana ganin hular kwano, da fensir a bayan kunne, da yadda mutumin ya riƙe ƙugu. Ya kai hannu bayan kunnensa, ya taɓa fensirin da ke wurin. Ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙen buhu.

"Ban san ya zana ni ba," ya ce.

"Faɗa min daga farko."

"Jiya da safe na ji tsawar da ta yi masa. Na ga yadda ya naɗe takardunsa ya shige ɗaki. Sai na ce yau kam zan faranta masa. Da ta fita na je da nawa mabuɗin, na ɗauko shi a mota, na shigo da shi lokacin hutu. Yallaɓai, da ka ga fuskarsa. Yana nuna min, wancan kakana ya ga ana gina shi, wancan wuta ta taɓa ci. Ya zana a tsaye, ya sa littafin a jaka, ya ce gwiwarsa ta gaji amma yana so ya ga ɓangaren kasuwa. Na ce, Baba, tsaya nan in ɗauko maka kujera."

Ya share fuska da hannun riga.

"Da safe ina cikin awo aka kira ni ƙasa. Na naɗe waya, na ce in na dawo zan mayar da falanki. Ban dawo ba, kuma buhu ya rufe komai, ni kaina ban ga wurin ba. Sai da na juyo da kujera a hannu na tuna. Yana tafiya yana kallon gari, ba ya kallon ƙasa. Na buɗe baki in kira shi."

Iska ta kaɗa shafin littafin.

"Daga nan ka ɗauki guduma," in ji Insfekta.

"Na ɗauka. Ban ma san lokacin da na kafe shi ba. Na ji tsoron aiki, na ji tsoron kotu. Amma ita na fi tsoro."

"Mantuwa kowa yana yi. Ni ma akwai abin da na yi wa tsohon nan da ba zan iya gyarawa ba. Amma jiya kana tsaye matarka ta ce ita ta kashe ubanta, ka yi shiru. Wannan ba mantuwa ba ce."

"Tun jiya ko ruwa ba ta sha ba," in ji Safiyo. "Tana ta juya mabuɗin nan tana cewa ta tabbata ta kulle. Sau uku ina buɗe baki, sai in kasa." Ya ɗago kai. "Kafin ku kai ni ofis, ku bi da ni gida. Kada ta ji a bakin wani."

Sajan ya fito da ankwa, Insfekta ya girgiza masa kai. Suka sauko, leburori suka buɗe musu hanya, Foman yana ta kallon takalminsa.

Auta tana nan inda suka bar ta jiya, jingine da keken ɗinki. Ta ga mijinta tsakanin 'yan sanda biyu, ta yunƙura za ta tashi. Ya durƙusa a gabanta, ya zaro nasa mabuɗin daga aljihu, ya ajiye a ƙasa.

"Auta, kin kulle ƙofar. Ni na buɗe."

Ta dubi mabuɗin, ta dubi wanda ke hannunta. Ya gaya mata komai, bai rage ko ƙusa ɗaya ba. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Da ya gama sai ta buɗe tafin hannunta a hankali, mabuɗin ya faɗi.

"Ka bar ni na kwana da wannan," ta ce.

"Na bar ki."

Insfekta ya miƙa mata littafin a buɗe, ya ce za a karɓa don kotu, amma ta fara gani. Ta bi zanen da yatsa, daga agogo zuwa gada, har ta iso kusurwar ƙasa, ta tsaya a kan ɗan mutumin mai hular kwano.

"Ya ga garin?" ta tambaya, ba tare da ta dubi mijinta ba.

"Ya gani duka. Yana ta dariya."

Ta rufe littafin ta rungume shi, ta juya fuskarta ga bango. Sajan ya taɓa kafaɗar Safiyo, ya tashi, suka sauka matakala ukun nan na ƙofar gida zuwa mota.

Da suka isa ofis, Insfekta ya bar Sajan ya shiga da shi. Shi kuma ya tsallaka titi, ya tsaya daidai inda ya sa aka kori tsohon, ya ɗaga kai ya ƙirga ginshiƙan barandar. Shida ne, kamar yadda aka zana.